Ƙuri'ar Wankin Tumbi

A gidanmu na unguwar Mahjar, ƙuri'a ake jefawa ranar Babbar Sallah a fitar da mai wankin tumbin rago. Shekarar da na ƙware a keno, wasan cankar lamba na kyauta a waya, sai na tsaya ina yi wa dangi lacca: cikin takardu talatin, da wuya sunan mutum ya fito. Don in gamsar da su, na rubuta nawa sau biyar.

Gwaggo ta zura hannu cikin kwano. Sunana. Na ce a sake. Sunana.

"Halas, shi ke nan, ɗana," ta ce, tana danne dariya, ta miƙo mini bokiti. "Lissafinka ya ci."

Yanzu an daina ƙuri'ar. Da an yanka rago sai a ce, "Yalla, ina Dakta Keno?"