Nomau da Rufin Kwano

A wani lungu a Kurna, inda ba a yar da komai, aka yi wani mutum ana ce masa Nomau. A lungun nan tsohuwar taya guga ce ko takalmi, mataccen firji kuwa akwatin tufafi. Daga ƙauye Nomau ya zo da matarsa Ladidi, wadda keken ɗinkinta ke ci da su. Ga shi da ƙarfi kamar sa, ga kyan zuciya, sai dai yadda magana ta faɗa kunnensa, haka yake aikata ta.

Wata rana Ladidi za ta kai ɗinki, ta ce, “Malam, yanka mini jarkar nan mu samu abin kwashe shara.” Nomau ya yi murna, yau ga aikin maza! Ya tsallake jarkar da ba komai a ciki, wai ta rame, ya zaɓi mai ƙiba, wadda ke cike da manja. Ya kwantar da ita ta fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya sa mata wuƙa a wuya. Ladidi ta dawo ta tarar da tsakar gida ja wur.

“Zo ki gani!” in ji shi. “Ko shurawa ba ta yi ba, amma dubi jini!”

Wata rana kuma fanka ta tsaya ana tsananin zafi. Ladidi ta ce, “Buga wa Sallau waya, ya zo ya gyara ta.” Nomau ya kwance wayar shanya, ya ruga rumfar Sallau. Ya same shi a duƙe yana ɗaure janareta da roba, ya tsula masa a gadon baya.

“Kai! Lafiya?”

“Saƙon Ladidi ne. In ba ta shiga ba in sake bugawa.”

Sallau ya rarumi sifana ya biyo shi. Nomau ya faɗo gida yana haki, yana dariya. “Ga shi nan ya taho, har da kayan aiki!”

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga kwanon rufinsu. Maƙwabta na ta jefa tayoyi da duwatsu a kan nasu. Ladidi ta ce, “Yi maza! Ɗora masa duk abin da ke da nauyi a gidan nan!” Ta fita kwaso kaji.

Nomau ya kafa tsani. Ya hau da buhun masara, ya hau da firjin tufafi, ya hau da keken ɗinki. Ladidi na shigowa ta ɗora hannu a ka, za ta yi kururuwa, sai ya dube ta sama da ƙasa, ya sungume ta, ita ma ya kai ta sama. Kafin ta gama zaginsa ruwa ya kece. Ba halin sauka, dole suka ja tamfol suka lulluɓe kansu da kayan.

Ashe shara ta toshe kwalbatin unguwa. Ruwa ya juyo lungun da ƙarfi, ya shiga ɗakuna har ƙugu. Katifu da hatsin maƙwabta duk suka jiƙe sharkaf. Rufin Nomau ko motsi bai yi ba, keke kuma ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Da ruwa ya ɗauke, Ladidi ta shafa kekenta tana dariya da hawaye. Ta ce, “Malam, yau kam ka ciri tuta!”

Nomau ya zaro ido, ya ɗaga hannuwa sama. “Wallahi ban taɓa tutar kowa ba! Ki caje ni!”