Ragon Baba da na ba mahauci

Ba zan taɓa mantawa da muryar Yaya Hadiza a tarho ba. Ina biro, wurin aikina a Yamai, ta kira, ta ce, "Likita ya ce mu maido Baba gida. Ciwon hantar ya wuce magani." Saura mako biyu sallar layya. Na hau mota zuwa Damagaram da niyya guda: idan wannan ce sallarsa ta ƙarshe, sai na sa ya ji daɗinta.

A unguwarmu, ranar layya ana feɗe rago a banƙare shi a kan sanduna, a jera na maƙwabta duka kewaye da wuta ɗaya a ƙofar gida. Maza su wuni a wurin, suna gyara itace suna tsokanar juna. Tun ina yaro nake ganin abin wahala ce, hayaƙi da zufa kawai. Don haka Baba na gama yanka ragonsa na miƙa wa mahauci, na ce ya gasa a can wurinsa.

Baba ya ce, "Ina za a kai shi?"

Na ce, "Bana hutawa za ku yi, Baba. Yawon salla za mu."

Mahauci ya tafi da ragon. (Baba ba ya musu da wanda ya yi lakwal, wato boko, abin da ya cuce mu ke nan.)

Na kai shi wani lambun wasa da aka buɗe a bakin gari, mai lilo da kiɗa. Na zaunar da shi a kujerar roba, na miƙa masa lemo mai sanyi da ba ya iya sha. Yara na ihu ta ko'ina, shi kuwa yana kallon ƙasa. Da na ga ya ƙi dariya, sai na ce bari in ba shi abin dariya. Ni, mai shekara arba'in da uku, cikin babbar rigar shadda, na hau lilon nan mai juyawa tsakanin yaran firamare.

Zagaye na farko na ɗaga masa hannu. Na uku hulata ta tafi. Na biyar na fara roƙon mai injin ya tsaya, kiɗa ya hana shi ji. Hantar da na ci da safe ta dawo a kan rigar, da kan takalmin wata yarinya da ta fasa kuka. Aka sauko da ni ana riƙe da ni, uwar yarinyar tana cewa, "Haba Alhaji, da girmanka!"

Baba ya miƙo mini ƙyallensa, ya ce, "Ka gama? Mu je, wuta za ta mutu."

Mun iso bayan la'asar. Raguna sun yi ja, sai gurbi ɗaya a jerin, babu komai cikinsa. Malam Ari, abokinsa tun ƙuruciya, ya taso.

"Ɗan Yamai, ina ka kai mana shi? Tun hantsi muke tsare masa wuri."

Baba ya ce, "Kallon amai ya kai ni."

Aka kwashe da dariya, har da shi, kuma ita ce dariyarsa ta farko a ranar. Aka shimfiɗa masa tabarma a gurbin. Ya zauna gaban wutar da babu ragonsa, yana gaya wa mutane nasu ya kusa ƙonewa. Ni ina tsaye baya da rigata a naɗe a hammata. A nan na koyi cewa kafin ka faranta wa mutum, ka tambaye shi. Tambayar ba ta fi kalma huɗu ba, ban yi ta ba.

Da zan kai shi ɗaki ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ba ka iya banƙara ba, shi ya sa. Baɗi in nuna maka."

Kwana goma sha ɗaya bayan salla ya rasu. Har yau ban koya ba.