Rasuwar Agogon Tashar Thornby End

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Norma Tilbrook nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da tsofaffin fasinjoji rasuwar agogon tashar Thornby End. Ya riga mu gidan gaskiya da safiyar Talatar da ta wuce, a jikin bangon da ya yi rayuwarsa duka, bayan jinyar da ta kama shi tun farkon hunturu.

Marigayin ya girme ni, ya girmi mijina Cyril. Yana nan tun lokacin da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan ya miƙo layinsa ƙauyenmu, inda yakan fito fili ya ratsa gonakin alkama, ya sauke mutum uku ko huɗu, ya juya. Mu ne ƙarshen layi, bayanmu sai shinge da shanu. Cyril ne mai kula da tashar, gidanmu kuma manne yake da ita, don haka da muryar marigayin na yi amarci, da ita na yi goyon 'yarmu Hazel. Ƙas, ƙas, ƙas, babu hutu. In awa ta cika sai ya ɗan shaƙe kamar dattijo mai gyaran murya, sannan ya ce ƙwal.

Mai gaskiya ne, ba ya duban fuskar kowa. Desmond, direban da ya fi kowa makara, yakan leƙo ta taga ya ce, "Cyril, agogon nan naka gudu yake yi."

"Jirginka ne ke rarrafe," in ji Cyril. "Ka sauko ka tura shi mana."

Da hukuma ta rufe tashar saboda ƙarancin fasinja, an kwashe fitilu da benci da allon suna. Agogon aka bari, don ma'aikatan sun ce cire shi zai taho da rabin bango. Ciyawa ta cinye layin dogo, dila ta haihu a ɗakin jira. Marigayin bai yi fushi ba, ya ci gaba da faɗa wa tashar da babu kowa lokaci, Cyril kuma yana wana shi duk Litinin.

Aikinsa mafi girma a tsufa ya yi shi. Shekarun baya mantuwa ta kama mijina. Ya manta sunan jikokinsa, ya manta an rufe tashar. Kullum da safe sai ya sa hular aikinsa ya fita dandamali jiran jirgin ƙarfe takwas. In na kira shi ba ya ji, in na ja hannunsa ya fizge. Amma da agogo ya buga takwas sai ya girgiza kai ya ce, "Desmond ya sake makara," ya shigo da ƙafarsa ya sha shayi da gasasshen burodi. Abin da likita da magani suka kasa, marigayin ke yi mini shi kullum, bai taɓa neman godiya ba.

Ciwon ajali ya fara da jan ƙafa. Shaƙewar nan ta yi tsawo, ƙwal ɗin ya dushe. Na kira Mista Hebden mai gyaran agogo, ya hau tsani ya buɗe cikinsa, ya daɗe yana kallo. Da ya sauko ya ce, "Uwargida, haƙoransa duk sun cinye. Masu ƙera irinsu sun mutu, ni ma saura ƙiris. A bar shi ya huta."

Ranar Talata marigayin ya tsaya ana gab da takwas. Cyril ya yi ta tsayuwa a ƙarƙashinsa cikin yayyafi har hantsi. Na sayo agogo mai batir na rataye, ya dube shi ya ce wannan na kicin ne. Na tura hannun marigayin da sandar tsintsiya ya kai takwas, amma babu murya, Cyril bai motsa ba. Washegari na ɓuya bayan taga na buga tukunya da cokali. Ya waiwayo ya ce, "Norma, me tukunyar nan ta yi miki?" Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma na kasa tashi.

Hazel ta zo ta same shi leɓɓansa sun yi shuɗi don sanyi. Ta ce, "Mama, kina so mu tsince shi a kwance a dandamalin nan? An samu gurbi a gidan kula da tsofaffi. Na ce musu muna zuwa." Na ɗauko bargo na lulluɓe shi.

Marigayin ya rasu ya bar mijina Cyril, da ni, da makullin wanawa, da tattabaru biyu da suka yi sheƙa a kansa, da Desmond, wanda ya bugo waya da ya ji labari. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Za a sauke gawar ranar Asabar da hantsi. Gareth, mijin Hazel, zai zo da tsani da guduma. Za a naɗe ta da bargo a ajiye a rumfar bayan gida, tunda gidan tarihin da na tuntuɓa sun ce suna da irinsa da yawa. Jirgi ba ya zuwa nan, sai a hau bas a sauka a mararraba, a ƙarasa da ƙafa. Akwai shayi da kek bayan an gama, daga nan motar Hazel za ta tafi da Cyril.

Bai san komai ba, ina roƙo kada kowa ya yi masa ta'aziyya. Za ku same shi a bakin ƙofa da hularsa, zai yi murna da ganin tasharsa ta cika da mutane. In ya tambaye ku tikiti, ku nuna masa kowace takarda ce a aljihunku.