Rasuwar Dattijo, Katin Da Kwamfuta Ta Ce Ba Ta San Shi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da shago mai cike da kaset-kaset ɗin jama'a, Mai Kaset na ƙasan bene yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dattijo, koren katin nan da ke soke a cikin kwamfutar shagonsa. Shi ne mai kwashe hoto da murya daga tsohon kaset ɗin bidiyo ya zuba su a filashi. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, ya bar aiki ɗaya bai yi ba: kaset ɗin marigayiya mahaifiyar Mai Kaset, inda take zaune tana yi wa mai ɗaukar hoto faɗa tana dariya. Kullum sai na mutane ya shiga gaba, nata a ce sai kasuwa ta lafa.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya raina aiki. Kaset ɗin da ya shekara a ƙarƙashin gado, da wanda ɓera ya ɗanɗana, duk yakan karɓe su da mutunci. Ya dawo wa masu sanƙo da gashinsu, ya tuna wa masu tumbi cewa sun taɓa zama sirara. Bai taɓa neman komai ba, illa jefi-jefi a zaro shi, a goge masa haƙoran ƙarfen da ke gindinsa da abin goge fensir, a hura masa iska a mayar. Da an kunna kwamfuta sai ya amsa da “tulun”, ya biyo da “shhhh”, sai ga hoto.

Ciwon ajali ya same shi ranar da mijin 'yar Mai Kaset ya zo gaisuwa. Mutumin kirki ne, taimako ne dai ya yi masa yawa. Ya dubi kwamfutar ya tausaya mata, ya ɗora mata sabon tsarin manhajar da ke tafiyar da ita, ya share tsohon kakaf don ta samu wurin shaƙar iska. Mai Kaset ya yi godiya har da sa albarka, domin ba a kushe alherin suruki a gaban idonsa. Washegari aka kunna, babu “tulun”. Kwamfutar da suka yi zaman akwati ɗaya shekara da shekaru ta dubi Dattijo ta kira shi na'urar da ba a sani ba. Wannan butulcin ya fi komai yi wa Mai Kaset ciwo.

An yi magani iya gwargwado. An sauya masa rami, an goge haƙoran har suka yi ƙyalli. An nemi faifan direbansa, wato 'yar manhajar da ke gabatar da shi ga kwamfuta, aka tarar an daɗe ana ɗora kofin shayi a kai. Kamfanin da ya haife shi kuwa ya riga shi barin duniya. Wani mai gyara ya lallaɓa ya cusa tsohon direba ta bayan gida, kwamfuta ta karɓa kamar ta yarda, ta sake tashi, fuskarta ta yi shuɗi ta sandare, daga nan aka haƙura. Iyalin mamacin ba sa zargin kowa, sai dai an ji wasu na cewa garin neman gira an rasa ido.

Ya rasu ya bar na'urar bidiyo, wadda yanzu take juya kaset babu mai karɓa. Ya bar wayoyi uku, ja da fara da rawaya, suna reto a bayan tebur, da masu kaset da yawa da har yau suke leƙowa suna tambaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an tashi kasuwa. Za a naɗe shi a ledar da ya zo duniya a ciki, a kwantar da shi a aljihun tebur na ƙasa, amma ba za a sa makulli ba. An tanadar wa suruki kujera mai laushi a bakin ƙofa, nesa da tebur. Masu zuwa ta'aziyya kada su ɗauko komai, sai dai duk mai tsohuwar kwamfuta a ajiye, wadda ba a taɓa yi wa alherin sabon tsari ba, ya taimaka ya kawo aro, ko na yini ɗaya ne, komai nauyin jikinta. Mai Kaset ya sauko da kaset ɗin mahaifiyarsa daga saman kanta, ya goge shi da hannun riga, ya ajiye shi a farkon layi.