Farin Keke da Zannuwan Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren ƙanwata Zuwaira ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Har yau in na bi ta Tirwun sai in ja mayafi in rufe rabin fuska, kamar duk unguwar an san ni. (Ba a san ni ba. Matan da suka ga abin ba su fi goma ba, amma mata goma a gidan biki ai sun isa.)

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta rasu shekara guda kafin bikin. Da aka raba kayanta, ni da Zuwaira muka tashi da zannuwan atamfa takwas, huɗu nawa, huɗu nata. Ba sababbi ba ne, wasu har sun fara koɗewa, amma in ka buɗe akwatin, ƙamshin turaren wutarta ne zai fara tarar ka. Zuwaira ta ninke nata ta ajiye. Ni kuwa da ba na rasa dabara, sai na ga wata mata a waya tana yanka atamfa gida-gida, tana ɗora su a kan siririn soso, tana ɗinke su su zama bargon rufe gado. Nan take na ce ai shi ke nan. Inna ba za ta ga ɗakin autarta ba, to bari zannuwanta su shiga ɗakin.

Sai da na yi kwana uku ina lallashin Zuwaira kafin ta ba ni nata.

"Yaya, in kika yanka fa shi ke nan," in ji ta.

"Ke dai kawo. Sai kin yi kukan daɗi."

Bari in faɗi gaskiya game da ɗinkina. Ni malamar firamare ce. Wata uku na taɓa yi a shagon ɗinki ina budurwa, kuma ban wuce rigar filo ba. Keke ma ba ni da shi. Don haka na je gidanmu na Ƙofar Wambai wurin Yakumbo, yayar Inna, wadda ta yi shekaru tana ɗinki kafin idonta ya yi rauni ta kyautar da kekenta. Ta saurare ni har na gama, ba ta ce dabarar ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba. Ta lalubo wani tsohon ƙyalle, ta ninka shi huɗu, ta cusa guntun soso a tsakiya, ta miƙo mini.

"In za ki sayi keke na hannu, wanda aka riga aka yi aiki da shi, wannan za ki ba shi ya ci a gabanki. Kada ki yarda da ƙyallen mai shago. In ya ɗinka, ki juya ki duba bayan. Gaba kam kowane keke yana yi da kyau."

Na ce to, na jefa a jaka.

A Kasuwar Muda Lawal na sami shagon wani mutumin kudu da ya daɗe a Bauchi yana sayar da kekunan ɗinki na hannu. Biyu ya nuna mini. Ɗaya baƙi ne na ƙarfe, na ƙafa, fentinsa duk ya goge. Ɗayan fari ne tas, na lantarki, da maɓallai da zanen furanni a jikinsa. Tun daga bakin ƙofa zuciyata ta riga ta saye farin.

"Hajiya, me za ka ɗinka?" ya tambaye ni. (Shi kowa "ka" ne a wurinsa.)

To a shagon akwai wasu mata biyu, teloli na gaske, da abin awo rataye a wuya, suna zancen allura lamba kaza da lamba kaza. Sai na ji kunyar in zaro tsumman Yakumbo a gabansu, su gane 'yar koyo ce. Na gyara zaman gilashina na ce, "Ni ma tela ce, na san abin da nake nema."

Ya ɗauko wani yadi shara-shara ya sa wa farin keken, ya ja layi miƙaƙƙe. Na sunkuya na kara kunne ina sauraron ƙarar injin, ina gyaɗa kai kamar likita. Ban juya ɗinkin ba. Ƙyallen Yakumbo kuwa ko zip ɗin jakar ban taɓa ba.

Bawan Allahn nan bai cuce ni ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Yana ɗaure keken a kwali ya ce mini, "In kaya mai kauri ne, baƙin nan ka ɗauka. Farin nan na rigar yara ne." Na yi dariya na ce baƙin ai sa'an kakata ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗauri.

Ina zuwa gida, maimakon in gwada keken tukuna, almakashi na ɗauka. A yini ɗaya na yanka zannuwan nan takwas, duka, ban bar ko ɗankwali ba. Sai da na ɗora yankin farko a kan soso na taka keken sannan na ji yana gurnani. Allura ta karye. Na sa wata, ta karye. Ta uku ta daure, ɗinki ya tafi, kuma ta gaba ba laifi. Da na juya, sai na ga zaren ƙasa ya cukurkuɗe, nan ya kama, can ya tsallake, in ka ja da farce sai ya biyo ka. Kuma yadda matar waya ta koyar, ɗinki ɗaya ne ke riƙe da atamfar da soson gaba ɗaya.

Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Saura kwana shida biki, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Abin da ya kamata shi ne in kwashi kayan in kai wa Yakumbo, amma na san tambayar da za ta fara yi mini. Sai na ci gaba da turawa da ƙarfi har na gama, sannan na sayo yadi na yi wa bayan shafi, na rufe ɓarnar ruf. Na ce ai bargon amarya ado ne, wa zai ja shi?

Ranar jere muka taru a sabon gidan a Tirwun, danginmu da dangin ango. An kafa gado, an jera kwanuka, an rataya labule. Ni kuwa tun safe nake shela, duk wadda ta shigo sai na gaya mata zannuwan marigayiya ne, kuma da hannuna na ɗinka. Da aka zo shimfiɗa na ciro shi daga leda, ɗakin ya ɗauki salati da sa albarka, wata ta fara guɗa.

Goggon ango ta kama gefe ɗaya, wata ƙawar Inna ta kama ɗayan. Suka kaɗa shi sama, suka ja don ya miƙe, yadda kowace mace take yi wa zanen gado tun da aka fara jere a duniya.

Ƙarar ba ta da yawa. Tsakiyar ce ta fara buɗewa, sai layi ya bi layi, yankuna suka riƙa zubowa a kan katifa da ƙasa, soso ya leƙo fari fat. Mai guɗa ta katse guɗarta a tsakiya. Goggon ango ta tsaya riƙe da abin da ya rage a hannunta.

"Subhanallahi! 'Yata, ni ce na ja da ƙarfi? Ki yafe mini."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yakumbo ta taso a hankali, ta zura hannu ƙarƙashin shafin, ta shafa bayan ɗinkin da yatsa. Ba ta buƙatar ido.

"Kin ba shi ƙyallen ya ci?"

"Yana cikin jaka, Yakumbo."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya a cikin mayafi, kuma ban ga laifinta ba. Yakumbo ta tsinci wani koren yanki ta kai shi dab da fuskarta. Ta ce, "Wannan Innarku ta ɗaura ranar sunan Zuwaira." Daga nan ba wadda ta sake dariya. Aka shimfiɗa zanen gadon kanti, ni kuma na durƙusa ina tsince Inna daga kan tayil ina zubawa a leda.

Amarya ba ta zuwa jere, don haka ni na kai mata labari da la'asar, tana zaune da lalle a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Duka takwas ɗin, Yaya?"

"Duka."

"Da ma kin bar mini ɗaya. Na so in ɗaura ranar da na haihu."

Wannan maganar har gobe tana nan a ƙirjina, ta fi dariyar ɗakin jere ciwo nesa ba kusa ba.

Yanzu duk Asabar ina zuwa Ƙofar Wambai, ni in zura zare a allura, Yakumbo ta ɗinka da hannu tana lalube. Yankuna da yawa sun yage inda farin keken ya tattauna su, sai an rage bakinsu, don haka bargon kullum ƙanƙancewa yake yi. Zuwaira ta haihu tuni, da zanin kasuwa ta yi suna, kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in za ka sayi keke na hannu, ka fito da tsummanka ko gaban wa ne, kuma ka gwada kafin ka ɗauki almakashi. Farin keken yana lungun ɗakina, na mayar da shi wurin ajiye kular abinci, aikin da ya iya sosai. Ƙyallen Yakumbo kuwa yana nan cikin jakata, ninki huɗu da sosonsa. A duk kayan da aka damƙa mini, shi kaɗai ne ban lalata ba.