Yadda Za Ka Ɓoye Wa Gwiwarka Shekarunka

Ɗan'uwa, in ritaya ta tunkaro ka alhali ba ka shirya zaman gida ba, matso kusa. Ni malamin motsa jiki ne, shekara arba'in ina busa usur a filayen makarantu, kuma da jikina na gwada wannan hanya. Ka bi ta sau da ƙafa, na ba ka tabbacin tsufa zai wuce ka kamar bai gan ka ba.

1. Fara da takarda

Takarda ba ta furfura. Lokacin da na sauya makaranta na zaftare shekara tara daga fayil ɗina, ko uffan bai ce ba. Ka riƙe wannan hikimar: ungozoma takan manta, biro ba ya musu.

2. Shirya da mai aski

Baƙin rini duk sati biyu, har gira. Ka sa ya duba cikin kunne, don gashin da ya gudu daga ka can yake tarewa.

3. Guji 'yarka in ta karanta ilimin halittu

Tawa ta iske ni ina ɗaure takalmin wasa, ta tsuguna ta kama bakin igiyar.

"Baba, ka ga wannan 'yar robar da ke hana igiya warwarewa? Akwai irinta a bakin zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinka. Duk sanda ƙwaya ta rabu biyu sai robar ta ɗan gajarce. In ta kusa ƙarewa, ƙwayar ta daina rabuwa."

"To a sayo wata mana," na ce.

"Ba a sayarwa, Baba. Kuma ƙwayoyin ba sa karanta fayil."

Ka ga abin da karatu ke jawowa.

4. Zaɓi ra'ayin da ya wanke ka

Masana ba su haɗa baki a kan dalilin tsufa ba, wannan kuwa gaba ta kai ka. Wasu sun ce jiki cinyewa yake kamar tayar mota. Wasu sun ce shara ce ke taruwa a cikin ƙwayoyi har mai kwashewa ya gaji. Wasu kuma sun ce jiki yana dagewa da gyaran kansa har ka haihu ka rena, daga nan sai ya yi sakaci.

Na ukun na ɗauka. Na tara 'ya'yana biyar a falo na ce, "Ashe ku ne."

Uwarsu ta leƙo daga kicin. "Malam, ni da na haife su ban rina komai ba. Kai naƙudar wa ka yi?"

5. Koyi tashi ba sauti

"Wash" ita ke tona mutum. In za ka miƙe a ɗakin malamai, yi tari ka rufe ƙarar gwiwa. In ka kai rabin bene numfashi ya ɗauke, tsaya ka ciro waya ka yi wa wani faɗa, ko ba kowa a layin.

6. Ranar tantance ma'aikata, shiga da sassarfa

Haka na yi, sanye da rigar wasa. Shugabar kwamitin, wata mace mai tabarau da furfurarta a fili, ta duba fayil ta dube ni. Sai ta miƙe tsaye.

"Malam! Ba ka gane ni ba? Ni ce wadda ta suma a tseren 'yan aji huɗu, ka goya ni har asibiti."

Na gane ta. 'Yar ajina na farko ce, a tsohuwar makarantata. Ta sake kallon ranar haihuwar. Bisa abin da ke rubuce, shekarata goma sha ɗaya lokacin da na goya ta.

Na jira ta tona ni gaban jama'a. Sai kawai ta rufe fayil ɗin, ta zagayo da kujerarta mai laushi ta ajiye a bayana.

"Zauna, Malam. Ka daɗe a tsaye."

A nan ne za ka ƙi zama. Ni na zauna, kuma ban taɓa jin daɗin kujera irin na ranar ba. Washegari na rubuta takardar ajiye aiki da hannuna.

Gargaɗi: duk wanda ya bi waɗannan matakai ya goce ƙugu, ko ya ji kunya gaban ɗalibansa, shi ya jiyo, babu ruwana. Kada a neme ni a gida. In ma an zo, bayan azahar barci nake yi.