Rasuwar Dogo, Gilashin da Ya Ga Gwiwar Bawa

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ɗaci, ni Gazali mai hoto na Gawon Nama nake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da masu sha'awar kokawa rasuwar gilashin kyamarata mai jawo nesa, wanda aka fi sani da Dogo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a gidanmu na Kwalkwalawa, cikin turmin mahaifiyarmu, yana da shekara huɗu a hannuna, ban da waɗanda ya yi a hannun wani da ba mu taɓa sani ba. Ba ciwo ne ya kashe shi ba. Yayana Bawa, ɗan kokawa, shi ya kashe shi da taɓarya, kuma na rubuta sunansa ne don kada masu ta'aziyya su wahalar da kansu da tambaya.

Marigayin ba ɗan gidan masu hali ba ne. Ranar da na je zaɓe a wani shago a Ƙofar Taramniya, na tarar da manyan gilasai farare a jere, irin waɗanda 'yan jarida ke girkewa a bakin filin ƙwallo. Na tambayi kuɗin ɗaya, mai shago ya faɗa, na ce masa a gaida gida. Har na juya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya fito da Dogo, baƙi, na hannu, lambarsa daga saba'in zuwa ɗari uku, da ɗan tabo a baki. Ya gaya mini gaskiya, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce in rana tana sama zai kawo mini gumin goshin ɗan kokawa daga bayan igiya, in ta yi ƙasa kuwa sai haƙuri, kuma ba shi da abin da ke danne rawar hannu, sai in nemi abin jingina. Na haska cikinsa da fitilar waya ban ga fumfuna ba. Na murɗa zobensa na ji bai cije ba. Na ɗauki hoton wani mai babur can tsallaken titi, lambar babur ɗin ta fito tsaf, ban ƙara neman shawarar kowa ba.

Dogo ya kasance mai haƙuri da juriya. Ba a taɓa ba mu izinin shiga tsakiyar fage ba, kullum muna bayan igiya tare da masu rake da masu kunun aya, ni ina jingine da sandar gora, shi yana jingine da ni, bai taɓa ƙorafi ba. Waɗanda suka zauna kusa da mu za su tuna muryarsa in yana laluben abin da zai kama: zzz, zzz, zzz, ya je ya dawo, sannan in Allah ya yarda, tit. Wannan tit ɗin ta fi mini kiɗan kalangu daɗi.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, yana da nasa hali. Yana matuƙar son hula. Sau da yawa ana tsakiyar kaye sai ya bar 'yan kokawa ya kama hular wani Alhaji da ke gabanmu, in koma gida da hoton zare ɗaya-ɗaya, a bayansa kuma wasu inuwoyi biyu suna faɗuwa. Da rana ta sunkuya kuwa sai makanta ta taso masa. Abokan sana'ata suka sa masa suna Makahon Gazali, suna tambayata ko in sayo masa ɗan jagora. Na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban manta ba.

Ajalinsa ya fara ne a karon ƙarshe na gasar bayan girbi, inda aka ware kyautar sa guda ga wanda ya yi nasara. Bawa ya haɗu da Audi na ƙetaren gulbi. Kowa ya san doka: wanda gwiwarsa ko hannunsa ya fara taɓa ƙasa ya sha kaye. Suka sarƙe, makaɗa suka haukace, jama'a suka miƙe, yashi ya tashi, su biyun suka zube. Alƙalin wasa ya ɗaga hannun Bawa. Mutanen Audi suka yi ta ihu har muryarsu ta dushe, ba wanda ya saurare su. Ni kaina na yi tsalle na rungume wani da ban sani ba, don ɗan'uwana ne ya ci.

Sai da na zauna na duba aikin ranar. Dogo, wanda ya shekara huɗu yana kawo mini huluna, ranar nan ya yi aikin da bai taɓa yi ba. Ga gwiwar Bawa ta hagu ta nutse cikin yashi, ga Audi tsaye a kan ƙafafunsa biyu, hoton tas har ana ƙidaya layun da ke damtsen Audi. Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau kamarsa ba, ban kuma taɓa ɗaukar wanda ya ɗaga mini hankali kamarsa ba.

Wautata ɗaya ce, na nuna wa Kawu Mode, ƙanen mahaifiyarmu, mai riƙe wa Bawa layu da gorar ruwa a fage. Ya daɗe yana kallo, ya dubi Dogo ya ce, “Wanga dogon abu shi yaj jawo ta? To cikinai take kenan.” Na yi dariya ban gyara masa ba. Kafin la'asar labari ya kai ga Inna Lantana, mahaifiyarmu. Ta kira ni ɗaki ta ce, “Gazali, ɗan'uwanka na, ciki guda kunka hito. Kak ka bari kowa shi ga hotonga.” Na durƙusa na yi mata alkawari. Allah shaida ne na yi niyyar gogewa. Kullum in buɗe, in sa yatsa, in ce bari in ƙara kallonsa yau kaɗai. Kwana tara ina haka, ba mahalukin da ya ƙara ganinsa, Bawa yana ta zagaya gari da sa ana masa kirari.

Ranar Talata na tafi ɗaukar hoton suna da ƙaramin gilashi, na bar Dogo cikin jaka rataye a ɗakin Inna, inda nake zaton ba wurin da ya fi shi aminci a duniya. Bawa bai tambaye ni ba, bai roƙe ni ba, bai ko zage ni ba, wanda da ya fi mini sauƙi. Ya bi shawarar Kawu Mode, ya jefa marigayin cikin turmi. Maƙwabta sun ji dakan, sun ɗauka ƙashi ake fasawa. Na dawo na tarar da shi a ƙofar gida yana shan rake, ya dube ni da fara'a ya ce, “Na hutasshe ka, ƙanena. Hoto ya tahi.”

Na kwashi abin da ya rage na garzaya wurin mai gyara. Ya ɗaga shi ya girgiza a kunne. Babu zzz, babu tit, sai kacau-kacau. Ya miƙo mini ya ce in je in yi masa sutura.

Marigayin ya bar uwar kyamara, wadda yanzu take takaba a cikin jaka. Ya bar ƙanensa, ƙaramin gilashi, wanda ganinsa bai wuce ango da amarya ba. Ya bar murfinsa, da ya tsira don yana aljihuna, da sandar gora da ba ta da sauran aiki sai korar awaki. Ya kuma bar katin ajiya guda, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa, yana nan cikin ƙoshin lafiya a wurin da taɓarya ba ta kaiwa. Kawu Mode, a karanta maka wannan a hankali: hoto ba ya zama cikin gilashi. Gilashi taga ce kawai. Kun daka taga, abin da aka hango ta cikinta yana nan inda yake.

Ana karɓar gaisuwa a shagona daga yau. Waɗanda suka kira shi makaho yana raye su riƙe ta'aziyyarsu, ba ma bukata. Duk wanda zai ce mini ai ƙarfe ne da gilashi, ya faɗa daga tsallaken titi. Masu cewa in yi haƙuri don zumunci su fara biyawa ta Kwalkwalawa, can aka fi bukatar wa'azinsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar la'asar, a bayan shagona da ke Gawon Nama, gindin darbejiya. Ba za a yi masa salla ba, za a naɗe shi cikin ƙyallen da na saba goge shi da shi a rufe. An gayyaci Audi da mutanensa, an ware musu benci na gaba. An kuma ajiye wa Bawa kujera. In ya zo da san da aka ba shi a hannu, ya faɗa da bakinsa a gaban Audi cewa gwiwarsa ce ta fara sauka, za a saka katin cikin rami ɗaya da marigayi, magana ta ƙare har abada. In bai zo ba, hoton yana nan an wanko shi, girmansa ya kai ƙyauren ɗaki, za a kafa shi a bangon shago ta gefen titi kafin a watse.

Jiya Inna ta aiko mini da saƙo: “In kak kafa hotonga, kak ka koma cin tuwona.” Na ji, Inna. Na zauna a bayan shago na yi kuka har na gode Allah. Ƙusoshi huɗu suna aljihuna, guduma kuma maƙwabci ya riga ya ara mini.